Hattara da mai kyamarar "megafiksal 64" a Ikeja

Naira 280,000 aka damfare ni a cinikin kyamara. Da tsohuwar kyamarata Canon 600D a kai. Wallahi ina rubutun nan hannuna na rawa.

Shekara 7 ina ɗaukar hoton biki da suna tun daga Agege har Idi Araba, don haka kada wani ya ce min ban san kyamara ba. Na san ta. Abin da ya ci ni, mutumin namu ne. A WhatsApp ya fara turo min hotunanta, muka haɗu a bakin Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ya kama hannuna ya ce, "Ɗan uwa, la'asar ta yi, mu fara sallah, kasuwa ba ta gudu." Sahu ɗaya muka tsaya. Kafaɗa da kafaɗa. Shi ya miƙo min buta ma! To wa zai kawo damfara a ransa?

Ranar Asabar aka yi dinar bikin da aka ɗauke ni aikin hoto, amma bari, tun kafin nan, a wurin cinikin, ya ɗauki hoton wata motar danfo da ita cikin hasken rana, ya nuna min a ɗan allon bayan kyamarar. Tas. Ya kawo maganar megafiksal, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, ya ce, "Taka 18 ce, wannan 64. Kai da kanka ka yi lissafi, Malam." Na yi lissafin kuwa. Na tura 280,000, alat ya shiga wayarsa a gabana, na miƙa masa Canon ɗina da hannuna.

A zauren dinar ne asiri ya tonu. Haske ya yi ƙasa, fuskar amarya ta fito kamar an watsa mata garin kwaki. Lallen hannunta kuwa ya dame, ba zane ba fure. Hoto sama da 300, ban tsinci 10 na kirki ba.

Mai gyara da na kai wa ko minti biyu bai yi ba ya fara dariya. Gilashinta ba ya cirewa, sensar cikinta, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya zama hoto, irin 'yar mitsitsiyar nan ce ta waya. Manhaja ce ke hura ƙaramin hoto har ya kai 64 a rubuce, kamar ka ƙara wa kofin kunu ruwa ka ce ya zama bokiti. Tawa da na bayar, sensarta kusan milimita 22 ce a faɗi, shi ya sa take shan haske da daddare. Kuma abin haushin, na san bidiyon 4K ma kusan megafiksal 8 ne kacal, 18 ta ishe ni albam da firam. Na sani! Lambar ce ta rufe min ido, da sallar nan.

Ba kwaɗayi na yi ba, aikina nake son gyarawa.

Tun Lahadi, ko Litinin ce ma, layinsa a kashe. Shagon da ya tsaya a ƙofarsa sun ce ba su taɓa ganinsa ba. Hoton hirarmu da rasit ɗin 280,000 duk suna nan, zan ɗora anjima in hankalina ya kwanta.

Kada ku sayi kyamara don lambar da ke jikin kwali. Ku gwada ta cikin ɗaki mai duhu, ku buɗe hoton a kwamfuta kafin ku biya.

Ango ya kira ni sau 4 yau, ban ɗaga ba.