Na gwada GeoGebra wajen zana gadar igiya ta rafin ƙauyenmu

Akwai wani rafi a ƙauyenmu, can ƙasar Argungu, da ke raba mu da gonakin shinkafa duk damina. Faɗinsa ya kai mita 30 idan ya cika. Ƙungiyar matasanmu ta ɗora mini aikin fitar da zanen ƙaramar gadar igiya ta masu tafiya a ƙafa, tun da ni ne na yi karatun gine-gine a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Ba ni da kuɗin sayen manyan manhajojin injiniyoyi, sai na koma wa tsohuwar dabarar nan ta auna ƙarfi da zane, wadda injiniya Karl Culmann ya fitar da littafi a kanta a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1866. Maimakon fensir da takarda, sai na yi aikin da GeoGebra.

Manhajar ta samo asali ne a ƙasar Ostiriya a 2001, don koyar da lissafi aka yi ta. Na sauke ta kyauta, kuma tana aiki ko babu intanet, wanda a wajenmu babban abu ne.

Zane biyu na yi gefe da gefe. Na farko siffar igiyar ƙarfen ce yadda za ta rataya tsakanin ginshiƙai biyu. Na biyu zanen ƙarfi ne: na jera nauyin kowane sashe a kan layi ɗaya a tsaye, na sa ɗigo guda a gefe, na ja layuka daga ɗigon zuwa kowace gaɓa. Kowane layi a nan yana fuskantar inda sashensa na igiyar ya fuskanta, tsawonsa kuma shi ne jan da ke kan wannan sashen. Na ɗauki kilo 400 a kowace mita, katako da mutane da buhunansu duka, jimilla tan 12. Da igiyar ta lotsa mita 3 a tsakiya, jan da take yi a kwance ya fito tan 15, a kan ginshiƙi kuma ya ɗan haura tan 16. Na sake bi da lissafin hannu, suka zo daidai.

Inda ta burge ni ke nan ƙwarai. A takarda, duk canji sai ka goge ka sake daga farko. A nan kuwa ɗigon nan kawai za ka ja, igiyar ta sauya siffa a gabanka. Ranar da muka kai zanen ƙofar mai gari, ya ce shi bai ga dalilin da za a bar igiya ta saki ciki haka ba, a ɗaure ta tamau mana. Na ce, "Ranka shi daɗe, duba nan." Na ja ɗigon har lotsawar ta koma mita ɗaya da rabi, layin ja ya miƙe ya ninka, tan 30 cur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar ta da cikinta. Da lambobi na karanto masa, da mun kai magariba muna ja-in-ja.

A waya dai aikin ya ba ni wuya, yatsana na rufe ɗigon da nake son kamawa, sai da na aro kwamfutar wani malamin makaranta.

Kuma kada wanda zai bi sawuna ya ɗauka zanen ya gama komai. Ya faɗa mini ƙarfin da igiyar za ta ja, amma bai san ƙasar fadama ba. Tan 15 ɗin nan dole wani dunƙulen kankare da ke binne a gaɓar rafin ya riƙe shi, ga ƙasar wurin laka ce mai laushi da ruwa ke ci kowace shekara. Iska da girgizar da tafiyar mutane ke jawowa su ma lissafinsu daban ne. Wannan ɓangaren ya fi hana ni barci, don 'ya'yanmu ne za su riƙa bi ta kanta.

Mun tsayar cewa da ruwa ya janye za mu haƙa ramukan gwaji a gaɓa biyun, sannan in kai zanen da sakamakon wurin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya.