Jiniyar gargaɗi: mai inji za ka saya ko mai lasifika?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin sayo jiniyar gargaɗi, ko ta masana'anta ce ko ta garin da ke ƙasan madatsar ruwa, abin da dillali zai fara nuna masa shi ne ƙarfin ƙara: wannan desibel 120 ce, waccan 130. Lambar tana da amfani, amma ba ita ce ta farko ba. Tambaya ta farko ita ce: in an ɗauke wuta cikin dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, jiniyar za ta tashi? In ta tashi, mutane za su gane abin da take nufi?

Jiniyoyin nan iri biyu ne, kuma daga ƙasa ma kana iya bambance su. Mai inji tana da fanka a ciki da ke juyawa da gudu tana datse iska ta wasu ramuka, shi ya sa kukanta ke hawa sannu a hankali, in an kashe kuma ya daɗe yana sauka. Mai lasifika ba abin da ke datse iska a cikinta, na'ura ce ke haɗa sautin, don haka tana iya farawa ta tsaya nan take, tana kuma iya magana.

A cikin masu inji, wadda ta fi suna ita ce Thunderbolt ta kamfanin Federal Signal na Amurka, wadda aka ƙera daga 1952 zuwa 1990. Ba ta ɓuya: dogon ƙaho mai baki murabba'i yana kewayawa a saman falwaya, ga wani babban akwati a gindi da ke hura mata iska ta bututu. Muryarta da kaushi, tana kai wa nesa. Amma in an kawo maka ita gwanjo da araha, ka ja da baya. Inji uku gare ta, na datse iska, na juya ƙaho, da na hura iska, kowanne da nasa ciwon, ga shi an daina yin ta fiye da shekara 30. Sannan an yi ta ne don wutar Amurka mai zagaye 60 a daƙiƙa, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 50 ce. Haka E57 ta Jamus, mai faffaɗan murfi zagayayye da ake kafawa a kan rufin gini: ƙarfe ce mai jure wahala, amma sai da wuta mai layi uku take aiki, ba ruwanta da batir.

Masu injin da suka cancanci a duba su ne na zamani masu aiki da batir, irin su jerin 2001 na Federal Signal da T-128 ta American Signal. Dukansu ƙaho ɗaya ne zagayayye mai juyawa. Samfurin 2001-130 yana ba da desibel 130 a nisan ƙafa 100, wato kimanin mita 30. A fili mai faɗi inda gidaje ke warwatse, gwana ce wajen kai ƙara nesa. Illarta biyu: wanda ke bayan ƙahon sai ya jira ya juyo kansa, kuma duk abin da ke juyawa yana son mai da kulawa, balle a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina.

Masu lasifika kuwa, yawancinsu za ka gan su a jere bisa juna kamar an kifa akussa, suna watsa sauti ta kowace kusurwa lokaci guda. Ga Modulator ta Federal Signal, ga jerin WPS-2900 na Whelen. Ta Whelen tana da sauƙin ganewa: ƙirga gidajen lasifikar. Huɗu ne, 2904 ke nan. Goma ne, 2910. Kowane gida wat 400 ne, don haka in takarda ta ce 2908 amma idonka ya ga shida, ka san inda aka nufa da kai.

Ni nan na fi karkata, saboda magana. A watan Agustan 2023, da gobarar daji ta cinye garin Lahaina a Hawaii, ba a kaɗa jiniyoyin tsibirin ba. Jami'in da ke kula da su ya ce ya ji tsoron mutane su ɗauka igiyar teku ce ke tafe, su gudu tudu, inda wutar take. Kuka kawai ba ya faɗin ina za a nufa. Ka tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa a Mayun 2025, duk sun riski mutane da yawa suna barci. Wanda ya farka a firgice yana bukatar ya ji da harshensa: ruwa na tafe, a fita, a nufi wuri kaza. Jiniyar da ake iya naɗa mata saƙo da Hausa ko Kanuri ko Nufanci ta fi wadda ta ɗara ta ƙara. Sai dai murya ba ta kai nisan da kuka ke kaiwa a fahimce ta, don haka sau da yawa ƙanana uku sun fi babba ɗaya.

Kada nisan da ke cikin takardar talla ya ruɗe ka. Ko a fili fetal, duk sanda nisa ya ninka sauti na raguwa da desibel 6, cikin gari kuwa da gine-gine da bishiyoyi ragin ya fi haka. Kuma don mutanen waje ake yin jiniyar nan. Mai barci a ɗaki, ruwa na dukan kwano, janareto na ruri, ba lalle ya ji ba. Ka sa a gwada a wurin da za a kafa ta, wani ya tsaya a gidan ƙarshe ya rufe ƙofa.

Ka kuma bincika yadda ake tayar da ita. A Afrilun 2017 wani ya kutsa ta siginar rediyo ya kaɗa jiniyoyi 156 na birnin Dallas cikin dare. Ka nemi mai kariya daga irin wannan kutse, wadda kuma ke da maɓallin hannu a jikinta.

Batir shi ne kashin bayan duka biyun, kuma zafin rana na kashe shi da wuri. Ka tambayi irin batirin, ko ana samunsa a Kano ko Yamai, ko sola za ta iya cajinsa, da kuma minti nawa jiniyar za ta yi tana kuka ba wuta. A ɗaga akwatin batirin sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a yi masa keji mai kwaɗo. In kuɗin bai kai ba, jiniyar hannu da ake murzawa tana isar makaranta ko ƙaramar unguwa, muddin an san wanda zai murza ta da kuma inda yake kwana.