Hattara da mai ba ka lambar akwatin makulli ta waya

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman sabbin zuwa Amurka da ɗalibai da masu shirin ɗauko iyali. Akwai wata damfara da ke cin mutanenmu a nan Houston, kuma abin da ke ba ta ƙofa wata ɗabi'a ce da muka taho da ita daga gida.

A Kano ko Zariya, wanda ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe maka gida, ko dai mai gidan ne ko dillalin da aka ba amana. A nan ba haka abin yake ba. Gidan da aka sa a kasuwa, ana rataya wani ɗan akwatin ƙarfe a hannun ƙofarsa, kamar ƙaton kwado, makullin na ciki. Na dillalai masu lasisi, irin na kamfanin Supra, da waya ake buɗe shi, kuma yana ajiye sunan wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Mai arahar kuwa lambobi huɗu ne kawai, duk wanda ya san su ya shiga. Tun zuwan korona a 2020, kamfanonin gidaje da yawa suka koma barin mutum ya je ya duba gida shi kaɗai: ka yi rajista a intanet, ka tura hoton katin shaidarka, a aiko maka lamba mai aiki na ɗan lokaci.

Nan ɗan damfara ya samu wurin zama. Zai kwashi hotunan gidan da ake sayarwa ko ake bayarwa haya, ya sake tallata shi a shafin tallace-tallace na Craigslist ko Facebook da sunan shi ne mai gida, ya karya farashi ƙasa da na unguwar. Ka kira, sai ya ce ba ya gari, aiki ya kai shi wata jiha, amma kada ka damu, ga lambar akwati, je ka gani da idonka.

Haka aka yi wa ƙanen wani abokina watan jiya. Ya je, ya danna lamba, makulli ya faɗo masa a hannu. Ya zagaya ɗakuna uku, ya kunna famfo, har ya kira matarsa a Kaduna ta bidiyo yana nuna mata kicin. Ya ga allon dillali a bakin gida, ya tambaya, mutumin ya ce ai ya sallami wannan dillali saboda la'adarsa ta yi yawa, kada ma ya kira su. Sannan ya ce akwai wasu biyu da ke son gidan, wanda ya fara biyan kafin alƙalami shi ne da shi. Yaron ya tura kuɗin wata guda da na ajiya a daren. Ranar da ya zo da kayansa, lambar ta daina aiki, wayar mutumin ma a kashe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yaron da kansa ya samo lambar. Mutumin ya turo masa adireshin shafin kamfanin gaskiya, ya ce ya yi rajista a can. Wato da katin shaidarsa aka buɗe gidan, ɓarawon ko ƙafarsa bai taka unguwar ba. Mu da muka tashi muna karanta "wannan gida ba na sayarwa ba ne" a bangon gidajen Najeriya, sai ga shi an zo har nan an yi mana sakiyar da ba ruwa.

Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, duba sunan mai gidan. A gundumar Harris, inda Houston take, shafin HCAD, hukumar da ke ƙiyasta darajar gidaje don haraji, yana nuna wannan kyauta, adireshi kawai za ka rubuta. In mutum ya ce shi dillali ne, nemi sunansa a shafin TREC, hukumar da ke ba dillalan Texas lasisi. Lambar wayar da ke jikin allo ko takardar da aka manna a cikin gidan, ita za ka kira, ba wadda aka ba ka ba. Duk wanda ya matsa sai ka biya ta manhajojin tura kuɗi na Zelle ko Cash App ko katin kyauta tun ba ku haɗu ba, rabu da shi. Kuɗin da ka tura da hannunka ta waɗannan hanyoyi da wuya banki ya dawo maka da su.

Ku kuma da kuka sa gida a kasuwa, kada ku mai da lambar gidan ko shekarar haihuwa lambar akwati, ku riƙa canza ta, ku kwashe zinare da fasfo da magunguna kafin baƙi su fara shiga.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, ya kira bankinsa nan take, ya ajiye duk saƙonnin da suka yi musaya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda da hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye da sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet. Yaron nan dai yana kwana a falon yayansa, zuwan iyalinsa kuma an ɗaga sai bayan Sallah.