Emmet ko Meagher: wanne za ka saya?

Malam, tunda kuɗin littafi ɗaya gare ka, kuma kana tsakanin na tarihin Thomas Addis Emmet da na Thomas Francis Meagher, 'yan Ailan biyu da suka koma Amurka suka yi aikin lauya, ka ɗauki na Emmet. Dukansu biyun suna kan kantata a gida, ɗaya ya sha hannu har bangonsa ya fara sakin jiki, ɗayan kuwa sau ɗaya na karanta na ajiye.

Na Emmet da nake nufi shi ne wanda jikansa, likita mai suna iri ɗaya da nasa, ya wallafa a 1915, Memoir of Thomas Addis and Robert Emmet, juzu'i biyu. Wani abokin aikina ne ya kawo mini tsaraba, na gwanjo, takardunsa sun yi ruwan ƙasa-ƙasa. Na fara shi wani dare da aka ɗauke wuta, da fitilar waya, ina nufin in duba shafi biyu uku in kwanta. Sai da maiɗakina ta farka ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ga matar Emmet, Jane Patten, da aka kulle mijinta a Fort George can arewacin Sikotilan, ta yi ta bin hukuma har aka yarda ta je ta zauna tare da shi a tsare, har ta haifi 'ya mace a can. Ta tashi zaune ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Ba mu kwanta ba sai da cajin wayar ya ƙare.

Abin da ya sa nake son labarin mutumin nan shi ne ba ka iya raba aikinsa da gidansu. An haife shi a Cork ta ƙasar Ailan a 1764, mahaifinsa babban likita ne, shi ma likitanci ya karanta a Edinburgh. Rasuwar yayansa Temple, wanda lauya ne, ita ta sa ya bar asibiti ya koma shari'a, ya zama lauya a 1790. Daga nan ya shiga ƙungiyar United Irishmen masu neman ƙwato Ailan daga hannun Ingila, aka kama shi a watan Maris na 1798. Jakadan Amurka a Landan, Rufus King, ya toshe hanyar barin fursunonin su tafi Amurka, shi ya sa zaman kurkukun ya kai har 1802. Yana gudun hijira a Faransa aka rataye ƙaninsa Robert a Dublin, a watan Satumba na 1803, yaro ɗan shekara 25. Iyayensu duka biyu sun rasu a cikin wannan ɗan tsakani. Ka yi tunanin mutum mai shekara 40, da mata da tulin 'ya'ya, ya sauka a New York a 1804 zai fara komai daga tushe.

Kuma ya fara. A 1812 ya zama Antoni Janar na jihar New York, ko da yake watanni kaɗan ya yi a kujerar kafin siyasa ta juya. A 1824 ya tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Gibbons da Ogden, kan wa ke da ikon ba da lasisin jiragen ruwa masu tururi, jiha ko tarayya. Yana ɓangaren Ogden, lauya Daniel Webster na ɗaya ɓangaren, kuma Emmet ne ya faɗi. Har yau ɗaliban shari'a a Amurka suna karanta hukuncin nan. A 1827 yana tsakiyar aiki a kotu ciwo ya buge shi, bai tashi ba. Ɗansa John Patten Emmet yana cikin malaman farko na Jami'ar Virginia, wani ɗan, Robert, ya zama alƙali a New York. Emmet bai kuma manta da Rufus King ba: a zaɓen 1807 ya fito fili ya yaƙe shi da alƙalami.

Gaskiya dai jika ne ya rubuta, ba za ka ga laifin kakan a ciki ba, Turancin kuma na da ne, mai nauyi. Amma wasiƙun gidan da takardun shari'a suna nan yadda suke, kai da kanka za ka auna.

Na Meagher ba laifi, an iya rubutu, sai dai na yi da-na-sanin kuɗina. Lauya na je nema, na tarar da soja: tserewa a 1852 daga Tasmaniya, tsibirin da Ingila ta tsare shi, jagorancin rundunar 'yan Ailan a yaƙin basasar Amurka, riƙon gwamnan Montana, sai faɗawa kogin Missouri da ya yi ajalinsa a 1867. Lauyancin 'yan shafuka ne, iyali kuwa ko ɗansa da aka rena a Waterford ta Ailan bai taɓa gani da idonsa ba.

Ka kula da masu sayarwa a intanet. Littafin 1915 ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsa kyauta a ɗakunan karatu na intanet, amma akwai masu sauke shi su sayar maka a WhatsApp kamar wani abin da ba a samu. Wasu kuma hoton shafukan suke bugawa su yi masa bango mai ƙyalli, rubutu dishi-dishi, hotuna baƙi ƙirin, wani lokaci juzu'i ɗaya kawai za su turo maka alhali ka biya na biyu. Kada ka tura ko sisi sai an nuna maka cikin littafin a bidiyo, shafin farko na kowane juzu'i da wani shafi daga tsakiya. Idan ba ka samu tsohon bugu mai kyau ba, sauke na kyautar, ka kai wurin masu buga takardu su fitar maka da babin Fort George da na New York, su ɗinke maka.