Katunan bitar nahawun Turanci: wata uku muna amfani da su a gida

Da aka ba da sakamakon zango na biyu, 'yata da ke aji uku a firamare ko rabin maki ba ta samu a Turanci ba. Na zauna da takardar jarrabawar ina bin ta layi-layi, sai na ga kurakuran duk dangin juna ne: "two childs", "she goed", "a egg". Malamarsu ta ce mini duk an yi waɗannan a aji, littafin aikin yarinyar ma ya shaida hakan. Ke nan an koya mata, riƙewa ce ba ta yi ba.

Wannan ya sa na shiga wani shagon littattafai a kasuwar Sabon Gari, nan Kano, na sayo fakitin katunan karatu. Kati 80 ne, an kasa su huɗu: inda ake sa "a" ko "an", tilo da jam'i, "is" da "are", sai aikatau na abin da ya wuce. Gaban kati hoto ne da jimla mai gurbi, bayansa amsa.

Makon farko kullum sai mun bi katunan gaba ɗaya bayan sallar magariba. Yarinyar da ta dawo daga islamiyya a gajiye, kafin mu kai kati na 30 ta fara hamma. Wata ƙawata malamar makaranta ce ta nuna mini tsarin da wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da shi a 1972, na rarraba katuna cikin akwatuna. Mu gwangwanin madara uku muka samu. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar kaɗai. Katin da ta ci ya matsa gaba, wanda ta faɗi ya koma gwangwani na farko ko daga ina ya fito. Da na fahimci abin sai na ga ai muraja'ar da suke yi a islamiyya ce: sabon karatu kullum, tsohon hadda ana waiwayarsa lokaci-lokaci don kada ya zube. Zaman ya dawo minti goma, wani lokaci ma bai kai ba, kuma ita ce take ɗauko gwangwanayen da kanta.

Inda katunan suka fi yi mana amfani shi ne kalmomin da ba su bin ƙa'ida. Babu dokar da za ta gaya wa yaro cewa jam'in "child" shi ne "children", na "foot" kuma "feet", ko cewa "go" yana komawa "went", "eat" ya koma "ate". Sai dai a haddace, kati kuwa abin da ya iya ke nan. Da ta yi ƙorafin cewa Turanci ba shi da tsari, na tambaye ta jam'in akuya, ta ce awaki. Jam'in mace fa? Ta ce mata. Na ce mata, "To wa ya ba ki ƙa'idarsu? Yawan ji ne ya sa suka zauna miki." Daga ranar ba ta ƙara jin haushin waɗannan katunan ba.

Akwai kuma abin da ya tayar mini da hankali a mako na huɗu. Na lura tana ba da amsa tun kafin ta karanta jimlar. Ashe wani kati ta gane shi ne da tabon man ja a gefe, wani da lanƙwasar kusurwa. Na rubuta irin jimlar a takarda da wata kalma daban, sai ta tsaya tana kallona. Kati ta haddace, darasin bai shiga ba. Daga nan na sa doka: duk katin da ta ci, sai ta ƙirƙiro jimlarta da kalmar, a kan abin da ke cikin gidan nan. "Baba went to the mosque." "I ate tuwo." In ta kasa, katin bai matsa gaba ba. Wannan ya rage mana sauri sosai, amma a nan ne na fara jin kalmomin suna fitowa a bakinta ba tare da kati a hannu ba.

Fakitin kansa yana da aibu. An rubuta a katin bayani cewa "an" tana zuwa ne kafin haruffan a, e, i, o, u. Wannan rabin gaskiya ne, domin sauti ake bi: ana cewa "an hour" da "a uniform", kuma yaron da ke sa yunifom kullum ya kamata ya san na biyun. Hotunan ma wasu ba namu ba ne. Na ɓata lokaci ina bayanin ɗakin ƙanƙara da ake kira "igloo" ga yarinyar da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, alhali lemu ko ƙwai sun isa a koyar da "an". Takardar kuma ba ta da kauri. Ƙaninta ya jiƙa guda biyu, sai da na bi sauran da salatif.

Babban giɓin shi ne wanda ya tsara katunan bai san inda ɗan Bahaushe yake tuntuɓe ba. A Hausa kowane abu ko shi ne ko ita ce: mota ita, littafi shi. Saboda haka "he" da "she" ba su ba ta wuya, amma "it" baƙuwa ce a kunnenta, za ka ji ta ce "the car, she is new". Babu kati ko ɗaya a kan wannan. Haka bambancin "p" da "f", wanda Hausa ba ta rarrabe su, har yakan bi yara cikin rubutu, a rubuta "fan" a wurin "pan". Na yanka kwalin taliya na yi kati 20 da hannuna, ita ta zana hotunan: akuya, buta, tabarma, keken ɗinki. Waɗannan sun fi na shagon saurin isa gwangwani na uku.

Ƙaninta da ke aji ɗaya na gwada shi, na ga bai isa ba tukuna. Yaron da bai iya haɗa baƙi ya karanta jimla ba, hoto kawai yake kallo. Shi na bar shi da katunan haruffa.

A jarrabawar zango na uku ta haye rabi da tazara mai kyau, kuma babu "goed" ko ɗaya a takardarta. Insha'in da aka ba su ne har yanzu da sauran aiki, shi kuwa karatun littafi yake so, kati ba zai yi shi ba. Ga uwar da 'yarta ko ɗanta ke aji biyu zuwa huɗu kuma tana da minti goma da za ta zauna tare da shi, ina ganin fakitin ya ci kuɗinsa, muddin za ta gyara katin "an" ta ƙara nata. Mu yanzu muna yanka kwali don "has" da "have", saboda jiya na ji ta ce wa ƙaninta "he have my pencil".