Kafin ka sayi manhajar rikodin gem ko wata na'ura, duba abin da ke cikin kwamfutarka tukuna

Korafin kusan iri ɗaya ne a wajen duk mai buga gem a kwamfuta da yake son ɗaukar bidiyo ya ɗora a YouTube ko TikTok: a kan sikirin komai tar yake fita, amma da ka buɗe bidiyon da ka ɗauka sai ka ga ciyawar filin eFootball ta dagule kamar kunun da bai damu ba, lambar bayan ɗan wasa ba ta karantuwa, in kuma GTA V ne da ka taka mota da gudu sai titi ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna. Abin da mutum yake fara yi shi ne ya zargi manhajar, ya tafi neman wata ta kuɗi, ko mafi muni ya je ya sauke kirak, wato manhajar sata, mai ɗauke da bairos. Alhali manhajar ita ce ta ƙarshe a jerin masu laifi. Wanda yake matse bidiyon shi ne enkoda, kuma yawanci yana zaune ne a cikin katin girafik ɗinka, sai kuma yawan data da ka ba shi a kowane sakan, wato bitiret. Waɗannan biyun su ke yanke hukunci.

Don haka fara da katin. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, shiga Performance ka ga sunan GPU, wato katin girafik ɗin da kake da shi. In Nvidia ne daga GTX 1660 zuwa sama, ko kowane RTX, to malam ka huta, NVENC, wato enkodan Nvidia da ke cikinsu, tun daga zubin 2018 da 2019 yana fitar da hoto mai kyau sosai kuma kusan ba ya taɓa gudun gem ɗin saboda wani ɓangare ne daban a jikin katin da aka ware wa wannan aikin kaɗai. Tsofaffi irin su GTX 1050 da 1060 ma suna da shi, sai dai hoton bai kai na sababbin tsabta ba in bitiret ya yi ƙasa, maganinsa kawai ka ƙara bitiret. GTX 1650 na farko, wanda ya cika kasuwar laftof tokumbo, duk da lambarsa ta yi kama da 1660 tsohon enkoda ne a cikinsa, yana aiki lafiya amma kar a sayar maka da shi a matsayin sabon zubi. Inda ake tafka asara shi ne GT 1030 da yawancin laftof masu MX, irin su MX150 da MX250, sitikar Nvidia tana nan kore shar a jiki amma babu NVENC a ciki ko kaɗan. A ɓangaren AMD ma akwai irin wannan tarkon, RX 6400 da RX 6500 XT ba su da enkoda, sauran kuma suna da nasu da ake kira AMF, wanda a tsarin matse bidiyo na H.264 yake ɗan bin bayan na Nvidia amma a tsarin HEVC gaskiya ba laifi.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki kar ya karaya. Yawancin furosesan Intel tun daga 2011 suna zuwa da nasu enkodan mai suna Quick Sync, in dai lambar ba ta ƙare da harafin F ba, kuma a laftof mai MX ɗin nan shi ne zai cece ka: Nvidia ya ja gem, Intel ya yi rikodin.

Akwai kuma enkodan x264, wanda yake ɗora duk nauyin a kan furosesa. A da shi ne sarki wajen kyan hoto, har yanzu ma in kana da furosesa mai kwakwalwa takwas zuwa sama yana bayar da abin mamaki, amma a Core i5 na laftof da zafin watan Afrilu ya riga ya gasa, fanka tana ihu, ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, kana kunna shi gem ɗin zai fara tsalle-tsalle kuma bidiyon ma ya fito yana kakarewa. Ni ba na ba kowa shawararsa sai mai babbar desktof.

To yanzu manhajojin. Mafi sauƙi ita ce Xbox Game Bar da take zuwa cikin Windows 10 da 11, Win da G ta buɗe, Win da Alt da R ta fara ɗauka. Ba ka sauke komai ba, ba ka kashe data ba. Amma zaɓinta kaɗan ne, firem 30 ko 60, wato yawan hotuna a kowane sakan, inganci kuma ƴan matakai irin su Standard da High, shikenan, ba za ka iya rubuta bitiret da hannunka ba. Don ka ɗauki wata ƙwallo da ka ci abokinka ka tura a gurup ta wadatar, tunda WhatsApp ma zai sake matse ta. Don tashar YouTube kam ba ta kai ba.

Sai ta Nvidia, wadda mutane suka saba kira ShadowPlay tun 2013, yanzu tana cikin Nvidia App. Alt da Z, ka ja bitiret zuwa inda kake so, Alt da F9 ta fara. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne Instant Replay, tana riƙe da mintocin baya a ɓoye har zuwa minti 20, in wani abu ya faru sai ka danna Alt da F10 ta adana, ba sai ka cika diski da awa uku na yawo a Warzone ba kafin a samu harbi ɗaya mai kyau. Matsalarta ita ce yawan firem ɗin fayil ɗin yana hawa yana sauka, to wasu manhajojin editin sai murya ta riƙa gaba hoto yana baya, sai ka bi da shi ta manhajar HandBrake ka daidaita, ƙarin aiki kenan. Masu AMD suna da kwatankwacinta a cikin Adrenalin, ita ma kyauta.

Bandicam ita ce wadda aka fi tambaya a kanta, saboda tana da sauƙin fahimta kuma tsofaffin masu YouTube da yawa da ita suka fara. Ta kyautar tana manna sunanta a saman bidiyo kuma tana yankewa a minti 10, in kana so a cire sai ka biya da dala. Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka nemi katin da zai biya: enkodan da za ta yi amfani da shi shi ne dai NVENC ko Quick Sync ɗin da ke kwamfutarka, wanda na kyauta ma suke amfani da shi. Kuɗinka sauƙin maɓallai ya saya maka, bai ƙara ko ɗigon kyau a hoton ba. Fraps kuwa a bar ta ta huta, rabonta da sabuntawa tun 2013, kuma minti kaɗan take cinye gigabayit da yawa.

Wadda zan ce ka zauna ka koya ita ce OBS Studio. Kyauta ce gaba ɗaya, babu tambari babu iyakar lokaci, sai dai ranar farko za ta ba ka haushi don allon baƙi za ka tarar da tagogi birjik. A Sources ka zaɓi Game Capture maimakon Display Capture, ya fi sauƙi a kan katin. A Settings, Output, ka mayar da shi Advanced, ka shiga Recording, ka zaɓi enkodan katinka, sannan a Rate Control ka bar CBR, wannan na masu laif ne da intanet ya ƙayyade musu, kai da kake adanawa a diski CQP ne naka. Bambancin shi ne CBR yana zuba data iri ɗaya ko kana tsaye a menu ko ana ruwan harsashi, shi kuwa CQP yana riƙe kyan hoton ne, wurin da motsi ya yi yawa ya ƙara data, wurin da babu ya rage. Sa lambar CQP ɗin tsakanin 18 da 20, ƙaramar lamba hoto mafi kyau fayil mafi girma, in ka sauka ƙasa da 16 diski kawai kake azabtarwa don idonka ba zai ga bambanci ba. In duk wannan ya yi maka yawa, a Simple akwai zaɓin Indistinguishable Quality, shi ma kusan nan yake kai ka.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: fomat. Ka ɗauka a MKV. In kana rikodin a MP4 na gargajiya aka ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe, ko gem ya daskarar da kwamfutar, fayil ɗin gaba ɗaya ya tafi saboda sai a ƙarshe ake rubuta bayanin da zai sa ya buɗu. MKV kuwa duk abin da aka ɗauka har zuwa sakan ɗin da wuta ta tafi yana nan. In ka gama sai ka je File, Remux Recordings, cikin ƴan sakanni ya koma MP4 ba tare da hoton ya ragu ba. Mai desktof da ba shi da UPS, wannan saitin kaɗai ya isa dalilin zaɓar OBS.

In bidiyon yana kakarewa alhali gem ɗin yana tafiya sumul, yawanci gem ɗin ne ya cinye katin ɗari bisa ɗari bai bar wa OBS komai ba. Kulle gem ɗin a firem 60, ka buɗe OBS da Run as administrator, sannan ka leƙa View, Stats, zai nuna maka ko firem ɗin a wajen zana hoto suke zubewa ko a wajen enkoda. Kuma 1080p mai firem 60 da yake tafiya daidai ya fi 4K mai tsalle, in ma injin ya gaza gara ka sauko 720p a 60 ko 1080p a 30, gem ɗin ƙwallo da na harbi sun fi son 60, irin su Euro Truck Simulator 2 kuwa 30 ma ba laifi.

Inda kuɗi yake da amfani da gaske shi ne diski. Lissafin a fili yake, bitiret na megabit 50 a sakan yana cin kusan megabayit 375 a minti, awa ɗaya ta haura gigabayit 22. Laftof mai SSD na 256 da GTA V ya riga ya cinye kusan rabi ba za ta kai ka ko'ina ba. Kuɗin da za ka ba Bandicam gara ka ƙara ka sayi SSD na biyu ko na waje, kuma in tsohon hadis mai juyawa ne kar ka sa gem da rikodin a kansa lokaci guda. HEVC yana rage girman fayil sosai a kan H.264 da kyau iri ɗaya, AV1 ya fi shi ma, amma sai RTX 40 zuwa sama, ko RX 7000, ko Intel Arc, duk na 2022 zuwa yanzu. Kafin ka koma ɗayansu gwada ko manhajar editin ɗinka tana buɗe shi ba tare da nishi ba.

Kapca kad fa, irin su Elgato da AVerMedia? Ana yawan ɗauka cewa sayensa zai gyara hoto. In kwamfuta ɗaya gare ka kuma a kanta kake buga gem ɗin, ba abin da zai ƙara maka. Aikinsa ɗauko hoto daga PS4 ko PS5 ko Xbox ko wata kwamfutar daban, kuma a PlayStation sai ka kashe HDCP a saitin kafin hoto ya fito. Ƙananan nan masu arha masu kama da filash da aka rubuta 4K a kwalinsu, 4K ɗin abin da suke karɓa ne, abin da yawancinsu suke miƙa wa kwamfuta 1080p ne a firem 30, launin ma a wanke.

Bayan duk wannan wahalar YouTube zai sake matse bidiyon da kansa, shi ya sa ake so asalin ya fita da ƙarfinsa. Su da kansu sun ba da shawarar megabit 12 ga 1080p mai firem 60, da 24 ga 1440p, amma gem mai ciyawa da hayaƙi yana son fiye da haka. Dabarar da masu ƙananan tashoshi suke yi ita ce su fitar da bidiyon a 1440p wajen editin ko da a 1080p aka ɗauka, saboda a wannan girman YouTube yakan matse shi da tsarin VP9 maimakon avc1, wato H.264, kuma bambancin yana fitowa ƙarara a ciyawa. Danna dama a kan bidiyonka ka zaɓi Stats for nerds za ka ga wanda aka ba ka. Sai dai ka yi lissafin data, minti 10 a megabit 24 kusan gigabayit 1.8 ne, in da sabis ɗin waya kake ɗorawa gara ka jira bandil ɗin dare.

In kuma yanzu ne za ka shiga kasuwa neman laftof, ko a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da OBS a filash ɗinka. Ka ce wa mai shago, Alhaji a ba ni minti biyar in gwada, ka sa shi, ka buɗe jerin enkoda ka gani da idonka ko NVENC ko AMF ko Quick Sync ya fito, ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo kana jin yadda fanka take. In x264 kaɗai ka gani a jerin, ka ajiye ta ka duba ta gaba.