Hattara da mai koyar da haɗa lemon malt a waya, ya ci min naira 95,000

Naira 95,000, jama'a. Adashina ne da na ɗauka, da ribar zoɓo da kunun aya da nake ƙullawa yara suna kai min tasha a nan wajen Ringim. Wani mutum ne mai talla a Facebook, wai yana koya wa mata haɗa lemon malt a gida, irin baƙin nan mai zaƙi da ake rabawa a biki, ba barasa ko ɗigo. Shi ya lamushe su. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Kafin wata ta ce son banza ne ya kai ni, ta tsaya ta ji. Ba yau na fara sana'ar abin sha ba, kuma sai da na titsiye shi da tambayoyi. Na ce, Malam, da me ake yi? Ya ce da tsiron dawa: a jiƙa, a shimfiɗa a buhu ana yayyafa ruwa har ta tsira, a shanya, a gasa wani kashi ya yi baƙi. To wannan ai mun gada, haka iyayenmu ke zaƙaƙa kunu. Ya ce tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir kamfanoni suka koma kan dawarmu ta Arewa. Na sa aka bincika min, haka ne. Sannan ya ce, "Hajiya, da kaurar da ke rumbunku za ki yi, ba sai kin je Dawanau ba." Wallahi wannan maganar ce ta kashe min jiki. Da kaurar da ke rumbunku. Har yanzu in na kwanta sai in ji muryarsa, a natse, yana ta in sha Allahu. Wace ce za ta ji haka ta ce ɗan damfara ne?

45,000 na fara turawa kuɗin koyo, ta wajen mai POS. A'a, kafin nan ma sai da ya saka ni a wani zauren WhatsApp, mata cike suna ta godiya suna turo hoton kwalabe. Yanzu na gane ko yaransa ne, ko shi ne da layuka daban-daban. Sai 38,000 kuɗin kaya. Sai 12,000 wai zai samo min lambar NAFDAC in riƙa liƙawa a gora. Ku haɗa, 95,000 cif.

Kayan kam sun zo, direba ya ajiye min a tasha. Bokitin fenti ne an wanke, an huda murfin an zura tiyo. Sai ƙullin garin gasasshiyar dawa mai warin ƙauri, da wani busasshen ganye mai ɗaci, da yis a leda babu suna. Mutumin ya ce in dafa, in tace, in ƙara sukari, in ya huce in zuba yis in rufe ruf, bakin tiyon kuma in tsoma shi a gorar ruwa, kada in buɗe sai bayan sati biyu. Na tambaye shi a kan yis ɗin nan, Allah shaida na tambaya. Ya ce don kumfa ne kawai, kamar na fanke.

Ba a je ko'ina ba gorar ta fara ɓul-ɓul dare da rana, ɗakin girki ya ɗauki wani tsami mai hawa kai. Surukata ta leƙo ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Ke 'yar nan, me kike dafawa haka?" Na rasa bakin magana. Ƙanen maigida da ke koyar da kimiyya a sakandare shi ya ɗaga murfin, ya kalle ni ya ce, "Yaya, wannan ai giya ce." Ya ce yis yana cin sukarin da ke cikin ruwan tsiro ne ya fitar da iska da barasa, tiyon kuma aikinsa ya bar iskar ta fita ba tare da wata ta shiga ba. Haka masu haɗa baƙar giyar nan sitawut suke yi a gidajensu a Turai, baƙin nata daga gasasshen sha'ir ne, ɗacin kuma daga wani fure da suke sawa. Mutumin kwafo darasinsu ya yi ya juya da Hausa, furen ma shuwaka ya ƙullo min a madadinsa. Lemon malt na gaskiya ba a barinsa ya yi tsami, dafa shi ake a rufe a kwalba da zaƙinsa.

Giya. A gidan aurena, a Jigawa da ake shari'a tun 2000. Da na ɗura a gora yara sun fita da ita fa? Da 'yan Hisba sun tare su, wa zan ce ya sa ni? Cikin dare maigida ya haƙa rami a bayan gida muka tuttular, ni ina kuka shi yana salati.

Na kira mutumin, da farko ya ɗauka, har da cewa wai zafin garinmu ne ya ɓata, in ƙara 10,000 ya aiko da wani yis ɗin. Bayan 95,000! Da na ambaci giya sai ya cire ni daga zauren ya toshe layina. Lambar NAFDAC ɗin kuwa ko inuwarta ban gani ba, ashe ita sai an duba wurin sana'a da abin da ake sarrafawa ake bayarwa.

Duk wanda ya ce ki sa yis a ruwan zaƙi ki rufe kwanaki, giya yake koya miki. Kada ki tura kuɗin koyo ga wanda ba ki san shagonsa ba.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin POS duk suna wayata, zan ɗora su in na samu caji, har da muryar da yake cewa kaurar rumbunku. An ce min ya canja sunan shafin, yanzu wai sabulu da man shafawa yake koyarwa, amma lambar asusun ita ce dai, kuma maigida zai kai ta wajen 'yan sanda.